Labarin Gizo-gizon Madagaskar Mai Saƙa Bisa Kogi

Yau ina so in ba ku labarin wani masaƙi wanda ba shi da ƙoshiya, ba ya kaɗi, bai kuwa taɓa sayen zare a kasuwa ba, amma duk cikin masu rai ba a san wanda ya fi shi zare mai juriya ba. Wannan masaƙi gizo-gizo ne. Na san waɗansunku za su yi murmushi, su ce wane ne bai san gizo-gizo ba, ga shi nan a kusurwar ko wane ɗaki, kullum mata na share yanarsa da tsintsiya. Gaskiya ne. Amma masu ilmin halitta sun ƙidaya irin gizo-gizo fiye da 50,000 a duniya, ko wane da halinsa. Wanda za mu yi zancensa yau ba a san shi ko ina ba sai a tsibiri guda, shi ne kuwa ke shimfiɗa zarensa daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan, ya rataya tarkonsa bisa tsakiyar ruwa.

Bari mu fara da wurin zamansa. In kun duba taswirar Afirka, can wajen gabas maso kudu, za ku ga wani babban tsibiri dogo cikin Tekun Indiya, daura da ƙasar Mozambik. Shi ne Madagaskar. Tsakaninsa da gaɓar Afirka wajen mil 250 ne na ruwa, tsawonsa kuwa daga arewa zuwa kudu ya kusa mil 1,000. Cikin tsibiran duniya duka shi ne na huɗu ga girma. Babban birninsa Antananaribo. Faransawa sun mallake shi daga 1896, ya sami mulkin kai a 1960. Mutanensa manoman shinkafa ne, suna kuma kiwon shanu masu tozo.

Tun da ya ke teku ta kewaye wannan ƙasa tun shekaru miliyoyi, yawancin dabbobinta da itatuwanta ba a samunsu a wata ƙasa dabam. Akwai waɗansu dabbobi masu kama da biri, masu manyan idanu, da a ke kira lemur, nan kaɗai su ke. Wajen rabin ire-iren hawainiyar duniya suna nan. Ko itacen kuka da kuka sani, can akwai iri 6 waɗanda ba su tsirowa ko ina sai can. Gefen gabas na tsibirin shi ya fi samun ruwan sama, akwai duwatsu da kurmi mai duhu, da rafuka da koguna masu gangarowa teku. A bakin waɗannan koguna ne masaƙin namu ya ke zaune.

In aka nuna muku shi ba za ku ce komi ba ne. Macen, wadda ita ce babba, tsawon jikinta bai cika inci guda ba. Baƙa ce, da farin gashi tsilli-tsilli, bayanta da ƙulle-ƙulle. In ta naɗe ƙafafunta ta lafe jikin reshe, sai ka rantse ɓawon itace ne, don haka Turawa ke kiran danginta gizo-gizon ɓawon itace. Namijin ƙanƙane ne ƙwarai, wajen rubu'in inci, jaja-jaja. Manyan yanoyin nan da za ku ji labarinsu aikin mace ne, saboda haka daga nan zan riƙa cewa "ita".

Kafin mu je bakin kogi, ya kamata ku san yadda irin wannan saƙa ta ke. Ba dukan gizo-gizo ke saƙa iri ɗaya ba. Na kusurwar ɗaki ya kan tara zare barkatai. Amma akwai wani babban dangi, iri fiye da 3,000, masu saƙa mai kewaye kamar faifai. Lalle kun taɓa ganin irinta da sassafe a gona, raɓa ta kwanta mata. Zaren daga cikin cikin gizo-gizon ya ke fitowa. Can ciki ruwa-ruwa ne mai yauƙi, sai sa'ad da a ke jawo shi ta waɗansu 'yan kafofi da ke ƙarshen jiki ya ke daskarewa ya zama zare. Kuma ba zare iri ɗaya ba ne. Akwai busasshe mai ƙarfi na kafa ginshiƙi, akwai mai danƙo na kama ƙwari, akwai na naɗe abin da aka kama, akwai na rufe ƙwai.

Wanda ya taɓa ɗaura tsaikon ɗaki zai gane aikin nan da nan. Da farko ta kan ja zaruruwa daga tsakiya zuwa gefe, kamar yadda a ke jera sandunan tsaiko. Waɗannan ba su da danƙo, su ne hanyarta. Sa'an nan ta bi su tana kewayawa daga ciki zuwa waje da wani zare na wucin gadi, don ta sami abin takawa. In ta kai gefe sai ta juyo, ta riƙa kewayowa daga waje zuwa ciki da zare mai danƙo, kamar mai yin tanka, tana cire na wucin gadin. In ta gama sai ta zauna tana jira. Ganinta ba shi da ƙarfi, da ƙafafu ta ke sauraro. Ƙwaro na faɗawa zare ya motsa, ta san inda ya ke.

To, duk mai irin wannan saƙa yana bukatar wuri biyu da zai ɗaura zaren farko, wanda dukan yanar za ta rataya a kansa. Tsakanin kara da kara a gona wannan ba wuya. Amma ku yi tunanin kogi mai gudu, faɗinsa taki 30 na babban mutum. Gizo-gizon nan ba ta da fiffike, ba ta kuwa haye ruwa da iyo. Ƙaƙa za ta kai zare ƙetare?

Masu bincike sun zauna bakin ruwa sun zuba ido, ga abin da suka gani. Ta kan hau reshe a bakin kogi, inda iska ke kaɗawa, ta ɗaga ƙarshen jikinta sama, ta fara sakin zare. Iska ta ɗauka. Ita kuwa ta yi ta saki, ta yi ta saki, zaren na tafiya bisa ruwa yana lilo, har bakinsa ya sarƙe da wani reshe ko ganye a ƙetare. Da ta ji ya kama, sai ta jawo shi ta ɗame, ta ɗaure nan gefenta. Sa'an nan ta hau wannan siririn zare, ruwa na gudu ƙarƙashinta, tana tafe tana ƙara wani a kansa, ta je ta komo har ya yi kauri. Ga gada ta samu. An auna irin wannan gada an sami wadda ta kai mita 25, watau wajen yadi 27. Ku auna yadi 27 a ƙofar gida, sa'an nan ku tuna mai wannan aiki ba ta kai inci guda ba.

Daga jikin gadar ta kan sauko da wani zare ƙasa har ta sami abin maƙalawa, sa'an nan ta saƙa faifanta ƙarƙashin gadar, bisa ruwa. Yawancin masu irin wannan saƙa su kan warware zaren farko cikin aiki, su sāke shi. Ita ba ta yin haka, ta san wahalar da ta sha kafin ta same shi. Faifan ya kan lalace da sauri, ta sabunta shi kullum, amma gadar ta kan riƙe ta makonni tana ƙara mata ƙarfi. Faifan kansa, mafi girma da aka auna, in aka shimfiɗa shi zai rufe wuri mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 5. Ya fi tabarmar kwana.

Me ya kai ta wannan wahala, ga itatuwa cike da kurmi? Abinci. Cikin kurmi masu tarko suna da yawa, ko wane saƙo da mai shi. Amma sararin da ke bisa kogi hanya ce buɗaɗɗiya, ƙwari na kai da kawowa, ba kuwa wanda ya iya kafa tarko nan. Akwai waɗansu ƙwari masu laushin jiki da ke girma cikin ruwa, in lokacinsu ya yi su fito da fikafikai gaba ɗaya, kamar yadda gina ke fitowa bayan ruwan fari. An taɓa ƙidaya irinsu 32 a yana guda, lokaci guda. Ta kan kama ƙudaje, da rina, da ƙwaron nan mai dogon jiki da fikafikai huɗu da ke shawagi bisa ruwa, wanda waɗansu ke kira mazari. Da masana suka ga girman yanar sun yi tsammani ko tsuntsu da jemage ta ke nema. Suka yi ta gadi suna rubuta abin da ya faɗa, ba su ga ko ɗaya ba, ƙwari ne abincinta. Ina son wannan hali nasu, da ba su rubuta zatonsu a matsayin labari ba sai da suka je suka duba.

Inda abinci ya taru kuwa ba a rasa 'yan cin arziki. Akwai waɗansu ƙananan ƙudaje da ke sauka bisa abin da ta kama suna tsotsa, har wa yau akwai waɗansu ƙananan gizo-gizo da ke zama gefen yanar, ba su saƙa kome, sai satar abin da mai gida ba ta kula da shi ba.

Yanzu mu zo ga zaren kansa, don shi ne ya sa sunanta ya kewaye duniya. A nan sai ku natsu, akwai abu biyu da mutane kan gama su, alhali kuwa dabam su ke. Na ɗaya ƙarfi, watau nauyin da abu zai ɗauka kafin ya tsinke. Na biyu talewa, watau yadda abu zai miƙe kafin ya tsinke. Wayar ƙarfe tana da ƙarfi, amma ba ta talewa sai kaɗan. Roba tana talewa ƙwarai, amma ba ta ɗaukar nauyi. Abin da ya gama biyun nan shi mu ke kira mai juriya. In wani abu ya taho a guje ya buge shi, ba ya tsinkewa farat ɗaya, sai ya bi shi yana miƙewa yana riƙewa, har gudun ya mutu. Mai riƙon ingarman doki ya san wannan. In ya kafe da igiya, ko ta tsinke ko a fizge shi, in kuwa ya saki kaɗan yana ja, sai dokin ya tsaya.

A 2010 masana uku, Ingi Agnarsson da Matjaž Kuntner da Todd Blackledge, suka ɗebi zaren gizo-gizon nan, suka sa shi cikin na'ura mai ja a hankali tana auna abin da ya jure har ya tsinke. Suka tarar juriyarsa ta ninka ta sauran zaren gizo-gizo da aka taɓa aunawa fiye da sau 2. Akwai wani zare da a ke yi a masana'anta, sunansa Kevlar, da shi a ke saƙa sulken sojan zamani mai tare harsashi. Zaren wannan ƙaramar halitta ya fi shi juriya wajen sau 10. Kada ku ji haka ku ce ba za a iya tsinke yanarta da hannu ba. Ana iyawa mana, gama zaren ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Abin da a ke nufi shi ne in aka gwada shi da wani zare daidai kaurinsa. A 2019 waɗansu masana suka binciki cikinta, suka sami wani irin sinadari cikin ruwan zaren wanda ba a san shi ba dā, suka ga kuma bututun da zaren ke bi kafin ya fito ya fi na sauran tsawo. Suna ganin waɗannan na cikin abin da ya ba shi wannan juriya.

Kuntner mutumin Sulobeniya ne, Agnarsson kuwa mutumin Aisilan, ƙasashen Turai ke nan. Su ne suka rubuta bayanin wannan gizo-gizo, aka buga a 2010. Al'adar masu ilmin halitta ce ko wane iri a ba shi suna biyu da harshen Latin, don mutanen ko wace ƙasa su san abin da a ke nufi. Suka sa mata Caerostris darwini, don tunawa da Charles Darwin, wani masanin Ingila da ya buga shahararren littafinsa a kan ire-iren halitta a 1859, sunan ya zo daidai da cikar littafin shekara 150. Ku lura fa, in an ce an gano abu a shekara kaza, ana nufin ranar da ya shiga littafi ne. Manoma da masu itace na bakin kogunan nan ai sun daɗe suna wucewa ƙarƙashin yanar.

Zaman namiji da mace kuwa abin dariya ne, da ban tsoro. Macen ta kan fi shi nauyi wajen sau 14. In ya zo neman aure, ransa na hannunsa, don sau da yawa ta kan kama shi ta cinye. Saboda haka ya kan yi dabara. Ya kan nemi wadda ta kusa sāke fata, ya yi ta gadinta yana korar sauran maza, sai ta sāke, jikinta da sauran laushi ba ta iya faɗa, sa'an nan ya kusance ta. In kuwa ya tarar da wadda ta riga ta ƙosa, ya kan naɗe ta da zare tukuna. Gizo na tatsuniya da wayonsa duka, ban ji ya taɓa shiga irin wannan hatsari ba wajen Ƙoƙi.

Na san abin da mai kasuwanci a cikinku ke tunani. Tun da zaren ya yi kyau haka, me zai hana a yi kiwonsu, kamar yadda mutanen Sin ke kiwon tsutsar siliki? An gwada da waɗansu ire-iren gizo-gizo. A 1709 wani Bafaranshe, Bon, ya saƙa safa da safar hannu da zaren gizo-gizo. Da aka sa wani masani, Réaumur, ya duba ko abin zai yi riba, sai ya ga in an tara su wuri guda cinye juna su ke yi. Tsutsar siliki ganye ta ke ci, ta zauna lafiya da 'yan'uwanta. Gizo-gizo maharbi ne, ba ya son maƙwabci.

Duk da haka a Madagaskar ɗin nan an taɓa saƙa tufa da zaren gizo-gizo, amma na wani iri ne dabam, babba, mai zare ruwan zinariya, wanda mutanen ƙasar ke kira halabe. Wani Bafaranshe mai suna Camboué ya fara gwada tatsar zarensa wajen ƙarshen ƙarni na 19, har aka kai abin da aka saƙa baje koli a Faris a 1900. Bayan shekara ɗari da wani abu, mutum biyu, Simon Peers da Nicholas Godley, suka tada aikin. Kullum da safe mutane su kan fita su kamo matan halabe, a jera 24 cikin wata na'urar hannu, a jawo zarensu a murɗe, sa'an nan a sake su su koma daji. Aka yi shekara 4 ana wannan, aka tatsi gizo-gizo fiye da miliyan 1, kafin a sami mayafi guda mai tsawon ƙafa 11 da faɗin ƙafa 4. An nuna shi a Niyok a 2009. Ba a rina shi ba, launinsa ke nan. A 2012 suka nuna wata alkyabba irinsa a Landan. Kun ga wannan ba sana'ar da mutum zai ci abinci da ita ba ce. Shi ya sa masana suka koma neman sanin yadda gizo-gizo ke haɗa ruwan zarensa, don su kwaikwaya a masana'anta. A nan ne mai saƙa bisa kogi ta ke da daraja gare su, ita ce gwanar da a ke son a koyi sirrinta.

Sai dai akwai abin damuwa. Ita ba ta zama sai a bakin ruwa cikin kurmi. Tana bukatar itace a wannan gaɓa da waccan, in babu, ina za a ɗaura gada? Tana kuma bukatar ruwa mai tsabta, don ƙwarin nan da ke girma cikinsa ba su jure laka. Kurmin Madagaskar kuwa yana ƙarewa. Masana sun gwada tsofaffin taswirori da hotunan da aka ɗauko daga sama, suka lissafta cewa tsakanin 1953 da 2014 tsibirin ya yi hasarar kashi 44 cikin 100 na dajinsa. Babban dalili a gefen gabas shi ne wani irin noma da su ke kira tavy. A sare daji a jikin tudu, a bari ya bushe, a sa wuta, a shuka shinkafa cikin tokar. Shekara ɗaya ko biyu gona ta yi kyau, sa'an nan ta gaji, a matsa gaba. Dā can da mutane ba su da yawa, a kan bar saura ta daɗe har daji ya komo. Yanzu jama'a ta ƙaru, ƙidayar 2018 ta sami mutum fiye da miliyan 25, ba a iya jira. Ga kuma masu gawayi da masu katako. In tudu ya zama tsirara, ruwan sama ya kwashe jar ƙasa ya zuba cikin kogi.

Ba na zagin manomin da ke wannan. Mutum ne matalauci mai iyali, shinkafar bana ya ke nema, ba wanda zai ce masa ya bar 'ya'yansa da yunwa saboda gizo-gizo. Amma shi ma yana cikin hasarar, gama ƙasar da ta tafi kogi ƙasar gonarsa ce, ita ce kuma ke binne fadamun shinkafa da ke gangare.

Gwamnatin ƙasar ta keɓe waɗansu dazuzzuka ta hana sara da farauta cikinsu. Biyu daga ciki su ne inda aka yi yawancin binciken da na ba ku labari. Ɗaya Andasibe-Mantadia, wajen mil 90 gabas da Antananaribo. Ɗayan Ranomafana, can kudu, wanda aka keɓe a 1991. Ma'anar sunan da harshensu ruwan zafi, saboda maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke wurin. Kogin Namorona ya ratsa ta cikinsa. Baƙi su kan zo daga ƙasashe masu nisa, su biya kuɗin shiga, su ɗauki 'yan ƙasa su yi musu jagora, waɗansu mutanen ƙauyukan kewaye da wannan su ke ci. Yawancin baƙin lemur su ke zuwa gani, idonsu na bisa rassa. Wanda ya tsaya bakin ruwa da safe, sa'ad da rana ta fara ratsowa, shi ke ganin siririn zare na walƙiya daga wannan gaɓa zuwa waccan.